MIKADO: WASAN DA TURAWAN INGILA SUKA YI WA KANSU HABAICI CIKIN TUFAFIN JAPAN

A ƙasar Ingila, in aka ga mutum guda ya tattara muƙamai da yawa ya rungume shi kaɗai, yana hura hanci yana karɓar albashin kowane, sai a ce da shi Pooh-Bah. Kalmar ta shiga ƙamus ɗin Turanci, 'yan jarida da 'yan majalisa suna jifan juna da ita, amma da yawa daga cikin masu faɗinta ba su san inda ta samo asali ba. To, Pooh-Bah sunan wani mutum ne a cikin wasan kwaikwayo mai suna Mikado, wanda aka fara nunawa a birnin Landan ran 14 ga watan Maris na 1885. Irin wasan nan ne da Turawa ke kira ofareta, watau wasan raha wanda ake yin rabinsa da magana rabinsa da waƙa, ga makaɗa a gaban dandali suna bi. Yau shekara fiye da 140 ke nan, ba a daina yinsa ba, ba a kuma daina gardama a kansa ba.

MUTUM UKU DA SUKA HAƊA HANNU

Wanda ya rubuta labarin da baitocin waƙoƙin shi ne William Gilbert, an haife shi cikin 1836. Ya yi aikin akawu a ofishin Gwamnati shekara huɗu, aikin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, sa'an nan ya zama lauya, nan ma bai sami masu kawo masa ƙara ba sai 'yan kaɗan. Amma fa zaman bai tafi a banza ba, domin a can ya ga yadda manyan ma'aikata da alƙalai ke bin harafin doka har su kai ga abin da hankali ba ya ɗauka. Wanda ya tsara kiɗan kuwa shi ne Arthur Sullivan, haihuwar 1842, ya yi karatun kiɗa a Landan da birnin Leipzig na ƙasar Jamus, ya kuma yi suna wajen tsara waƙoƙin coci. Na ukunsu Richard D'Oyly Carte, shi ne mai kuɗi da dabarar kasuwanci, shi ya ɗaure su wuri guda.

Tsakanin 1871 da 1896 Gilbert da Sullivan sun yi wasanni 14 tare. A cikin H.M.S. Pinafore na 1878 sun yi wa shugabannin sojan ruwa dariya, inda aka nuna mutumin da bai taɓa shiga teku ba ya zama shugaban jiragen yaƙin Sarauniya. A cikin Iolanthe na 1882 kuma Majalisar Iyayen Ƙasa suka taɓa. Da ribar wasanninsu na farko Carte ya gina gidan wasa na Savoy cikin 1881, wanda shi ne ginin jama'a na farko a duniya da aka haskaka shi duka da wutar lantarki. Mutane suna jin tsoron sabuwar wutar, har sai da Carte ya hau dandali ya fasa ƙwan fitila yana ci a gabansu, don su ga ba ta tā da gobara.

Amma cikin 1884 sai abu ya nemi lalacewa. Wasansu Princess Ida bai ja jama'a kamar na baya ba, Carte ya ba su sanarwa su kawo sabo cikin wata shida kamar yadda yarjejeniyarsu ta ce. Sullivan kuwa a lokacin Sarauniya Victoria ta riga ta ba shi lambar girma ta Sir tun 1883, abokansa suna ta zuga shi wai wasan ban dariya ya yi masa ƙanƙanta. Gilbert ya kawo labarin wata ƙwayar magani ta sihiri mai juya halin wanda ya haɗiye ta, Sullivan ya ce shi ya gaji da labarin sihiri, yana son labarin da zai taɓa zuciyar mutum. Suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi har makonni. Sai cikin watan Mayu Gilbert ya janye ƙwayarsa, ya ce zai kai labarin ƙasar Japan. Sullivan ya yarda nan take.

DALILIN ZAƁEN JAPAN

Ƙasar Japan ta yi shekara fiye da 200 da ƙofarta a rufe, sai da jiragen yaƙin Amurka suka tilasta mata buɗewa cikin 1853 da 1854. Daga nan kayanta suka fara kwarara Turai: maficai, tangaran, siliki, zane-zane. Masu hali na Landan suka haukace a kansu, kowace uwargida tana son a ga mafici na Japan a bangon ɗakinta. Cikin Janairu na 1885 har aka buɗe wani ƙauyen nuni a unguwar Knightsbridge, aka kawo mutanen Japan wajen ɗari suna zaune suna sana'o'insu, jama'a na biyan kuɗi su shiga kallo. Gilbert ya riga ya yi nisa da rubutunsa kafin nan, amma ya je ya ɗauko waɗansu daga cikinsu suka koya wa 'yan wasansa irin tafiyar matan Japan, da gaisuwa, da yadda ake buɗe mafici a rufe. Sullivan ma ya ɗauki wata waƙar sojan Japan ta gaske, wadda aka yi cikin yaƙin basasarsu na 1868, ya sa ta wurin shigowar sarki.

Kusan iyakar abin da ke na Japan a wasan ke nan. Sunayen mutanen, irin su Ko-Ko da Yum-Yum da Nanki-Poo, ba sunayen Japan ba ne, maganar wasa da jarirai ce ta Turanci. Muƙaman da ake ambata duk na Ingila ne. A zamanin kuwa ba a nuna wasa a Ingila sai wani babban bafade mai muƙamin Lord Chamberlain ya karanta ya ba da izini, dokar da ba a soke ta ba sai 1968. Saboda haka tufafin Japan suka zama labule. Mai habaici ba ya kiran suna, amma wanda ya yi abin ya san da shi ake.

YADDA LABARIN YAKE

Sarkin Japan, wanda Turawa ke kira Mikado, ya kafa doka cewa duk wanda aka kama yana yi wa mace kwarkwasa ko ƙifce alhali ba matarsa ba ce, a fille masa kai. Dattawan garin Titipu suka ga in aka bi wannan doka samarinsu za su ƙare, sai suka yi dabara. Suka fito da wani tela mai suna Ko-Ko daga kurkuku, wanda shi ne na gaba a layin waɗanda za a kashe, suka naɗa shi Babban Hauni. Tun da doka ta ce bi da bi ake yi, ba shi da ikon sare kan kowa sai ya fara sare nasa. Kisa ya tsaya cik.

Manyan ma'aikatan garin suka ce su ba za su yi aiki ƙarƙashin tsohon tela ba, duk suka ajiye aiki. Nan Pooh-Bah ya fito, mutum mai alfahari da asali har yana cewa girman kan nasa ciwo ne da aka haife shi da shi, ya kwashe muƙaman gaba ɗaya tare da albashinsu. Shi ne Ma'aji, shi ne Alƙalin Alƙalai, shi ne shugaban askarawa, shi ne shugaban sojan ruwa, shi ne babban limamin coci, shi ne magajin gari. Akwai inda Ko-Ko ya tambaye shi nawa ya kamata a kashe daga baitulmali wajen bikin aurensa. A matsayinsa na sakataren Ko-Ko ya ce a kashe ba ƙyashi. A matsayinsa na Ma'aji ya ce tilas a yi tsimi. A matsayinsa na mai biyan kuɗi ya ce zai iya murɗa lissafin yadda mai binciken kuɗi ba zai gane ba, mai binciken kuwa shi ne dai. Daga ƙarshe ya nuna cewa duk waɗannan manya za a iya shawo kansu in an ba kowannensu abin hannu. Cin hanci kuwa ba ya kiransa da sunansa, cin mutunci yake ce masa, yana karɓa yana ƙorafin an wulakanta shi, in kuɗin ya yi kaɗan ya ce wulakancin bai kai ba.

Ana nan sai ga Nanki-Poo, ɗan sarki kuma magajinsa, ya ɓad da kama ya zama makaɗi mai yawo, don gudun auren wata tsohuwar bafadiya mai suna Katisha. Yana son Yum-Yum, yarinyar da Ko-Ko ke riƙo kuma yake shirin aura. Sai takarda ta zo daga sarki: ya lura shekara guda ba a kashe kowa a Titipu ba, in ba a sare kan wani cikin wata ɗaya ba, za a soke muƙamin Hauni a mai da garin ƙauye. Ko-Ko ya tarad da Nanki-Poo zai rataye kansa don baƙin ciki, suka yi ciniki: ya auri Yum-Yum wata guda, sa'an nan a sare shi. Ana shirin biki sai aka tono wata tsohuwar doka mai cewa in an sare kan mai aure, a binne matarsa da rai. Amarya ta ce a dakata tukuna.

Ga sarki kuma yana tafe. Ko-Ko, wanda ko ƙuda bai taɓa kashewa ba, ya ga mafita ɗaya ce: a rubuta takardar shaida ta ƙarya cewa an yi kisan. Pooh-Bah ya sa hannu da sunan dukan muƙamansa, aka sallami Nanki-Poo da amaryarsa su gudu. Sarki ya iso tare da Katisha, ashe ɗansa yake nema. Da aka duba takarda aka ga sunan wanda aka kashe, sarki bai ko yi fushi ba. Ya ce ya san ba da sani suka yi ba, amma dokar kashe magajin sarki ba ta ambaci sani ko rashin sani ba, don haka za a dafa su cikin tafasasshen mai ko narkakkiyar darma, bayan an ci abincin rana. Ya yi alkawari za a gyara dokar a zama na gaba. Nanki-Poo ya ƙi dawowa duniya muddin Katisha ba ta da miji, dole Ko-Ko ya je ya yi ta lallashinta da waƙar wani ɗan tsuntsu da so ya kashe, har ta aure shi. Da gaskiya ta fito, Ko-Ko ya kare kansa da cewa in sarki ya ce a yi abu, to kamar an yi shi ne, in kuwa kamar an yi ne, mene ne laifin rubuta cewa an yi? Sarki ya ce bai taɓa jin bayani mai gamsarwa kamar wannan ba.

Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san wannan takarda. Rahoto ya ce an gama aiki, manya sun sa hannu, aiki kuwa ko farawa ba a yi ba.

KASUWA TA BUƊE

An yi wasan sau 672 a jere a Savoy, babu wani wasan Gilbert da Sullivan da ya kai haka. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen 1885 ƙungiyoyi wajen 150 ne ke yinsa a Turai da Amurka. Amma a Amurka akwai matsala, domin dokarsu ba ta kare haƙƙin marubucin wata ƙasa ba sai 1891, kowa na iya ɗaukar wasa ya yi ba tare da biyan ko kwabo ba. Da Carte ya ji wani mai gidan wasa a New York na shirin riga shi, sai ya sa 'yan wasansa cikin jirgin ruwa a asirce da sunayen ƙarya, suka sauka suka fara wasa cikin Agusta na 1885. Suka yi sau 250. Sunan Mikado ya hau kan sabulu da zare da kwalayen kaya iri iri, har wani ƙaramin gari a jihar Michigan aka raɗa masa sunan cikin 1886. Carte kuma ya gina babban otel na Savoy kusa da gidan wasan, aka buɗe cikin 1889.

Kuɗin da ya haɗa su shi ya raba su. Cikin 1890 Gilbert ya ga an sa kuɗin sabuwar darduma ta gidan wasa cikin lissafin da ake cirewa kafin a raba riba, ya kai Carte kotu, Sullivan ya goyi bayan Carte. Sun sake yin wasa biyu bayan haka amma ba su yi armashi ba. Sullivan ya mutu cikin 1900, Carte cikin 1901, Gilbert kuma cikin 1911, zuciyarsa ta tsaya sa'ad da ya faɗa tafkin gidansa don ceton wata yarinya da yake koya wa iyo.

RANAR DA LABULE YA ZAMA LAIFI

Cikin 1902 Ingila ta ƙulla ƙawance da Japan, cikin 1905 kuma Japan ta ci Rasha da yaƙi, ta zama ƙasar da ba a wasa da ita. Da Yarima Fushimi zai kawo ziyara Landan cikin 1907, sai Lord Chamberlain ya hana yin Mikado ko'ina a ƙasar, har makaɗan soja aka hana su busa waƙoƙinsa, don kada baƙo ya ji an yi wa sarkinsu ba'a. Jaridu suka yi ca, aka tā da maganar a Majalisa. An ruwaito cewa Yariman da kansa ya ce ya so ganin wasan. Bayan mako shida aka janye hanin, cikin shekarar nan kuma Sarki Edward na Bakwai ya ba Gilbert lambar Sir. 

Wannan ita ce alamar farko cewa labulen da ya kare wasan zai iya zame masa kaya. Waɗansu suka ga tun da Japan ɗin aro ce, ana iya canza ta. Cikin 1938 a birnin Shikago, ƙarƙashin shirin Gwamnatin Amurka na sama wa 'yan wasa aiki lokacin karyewar tattalin arziki, baƙaƙen fata zalla suka yi The Swing Mikado da irin kiɗansu, aka mai da labarin wani tsibiri. Cikin 1939 aka yi The Hot Mikado a New York, shahararren mai rawa Bill Robinson ya fito a sarki. Cikin 1948 kuma, bayan koke-koke daga Amurka, kamfanin D'Oyly Carte ya sa aka cire wata kalmar cin mutuncin baƙar fata daga waƙoƙi biyu na wasan.

Haƙƙin mallakar rubutun Gilbert ya ƙare a ƙarshen 1961, kowa ya sami damar juya wasan yadda ya so. Cikin 1975 aka yi The Black Mikado a Landan, aka kai labarin wani tsibirin Karebiyan, aka yi shi sau 472. A nan Nijeriya ta shigo, domin wadda ta fito a Yum-Yum 'yar Nijeriya ce, Patricia Ebigwei, wadda daga baya ta shahara da sunan Patti Boulaye. Dukan 'yan wasan baƙaƙe ne in ban da mutum guda, Michael Denison, wanda ya fito a Pooh-Bah cikin fararen kaya irin na jami'in mulkin mallaka. Wanda ya san zamanin da Bature guda ke zama alƙali da mai karɓar haraji da shugaban 'yan sanda a lardi ɗaya, ba ya bukatar a yi masa bayani. Cikin 1986 Jonathan Miller ya cire Japan ɗungum, ya mai da wasan cikin wani otel na bakin teku a Ingila, kamfanin English National Opera ya yi ta maimaita wannan tsari shekara fiye da 30.

A Japan kanta an nuna wasan a Tokyo cikin 1946, lokacin da sojan Amurka ke riƙe da ƙasar. Mutanen garin Chichibu kuwa, waɗanda ke ganin daga sunan garinsu aka samo Titipu, sun yi shi da harshensu cikin 2001, har suka kai shi bikin wasannin Gilbert da Sullivan a garin Buxton na Ingila cikin 2006. Amma a Amurka, inda 'yan asalin Asiya suka daɗe suna shan ba'a a kan kamanninsu, abin ya sha bamban. Cikin 2014 aka yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasa a Seattle, don ganin Turawa sun shafa fenti sun ja idanu suna kwaikwayon mutanen Japan. Cikin 2015 wata ƙungiya a New York ta fasa yin wasan saboda irin wannan suka, ta sake masa tsari tare da shawarar 'yan wasa 'yan asalin Asiya, ta fito da shi a ƙarshen 2016. Wata ƙungiyar a San Francisco ta kai labarin birnin Milan na ƙasar Italiya. Masu suka suna cewa ko da Ingila ake nufi, fuskar wani aka ara aka yi wasa da ita, mai fuskar kuwa ba a tambaye shi ba. Masu kare wasan suna cewa babu zagin Japan ko ɗaya a cikin rubutun. Kowane ɓangare yana da abin kamawa.

ABIN DA YA BARI

Manyan marubutan waƙoƙin wasa na Ingila da Amurka, irin su P. G. Wodehouse da Ira Gershwin da Lorenz Hart, sun amsa cewa sun yi koyi da Gilbert. An yi fim ɗin Mikado mai launi cikin 1939. Ɗan wasan barkwanci Groucho Marx ya fito a Ko-Ko a talabijin cikin 1960. Cikin 1999 Mike Leigh ya yi fim mai suna Topsy-Turvy a kan yadda aka ƙirƙiri wasan, ya ci lambar Oscar biyu. 'Yan siyasa ma sun ɗiba: cikin 1979 Ministan Cikin Gida na Ingila, William Whitelaw, ya ari waɗansu kalmomi daga wata waƙar wasan ya raɗa wa tsarinsa na horon yara masu laifi, alhali a cikin wasan maganar sare kai ake yi.

Akwai kuma waƙar da Ko-Ko ke lissafa irin mutanen da in an sare su ba wanda zai yi kewarsu. Al'ada ta zama kowane ɗan wasa ya sake baitocinta ya zuba masu damun jama'a na zamaninsa, ministoci da masu surutu da wayar hannu da sauransu, har 'yan kallo kan zo musamman don su ji wa aka sa a bana. Tsohon kamfanin D'Oyly Carte ya rufe cikin 1982 don rashin kuɗi, amma makarantu da ƙungiyoyin sa kai a ƙasashe masu jin Turanci suna nan suna yin wasan. An tuɓe masa kimono an sa masa kwat, an kai shi Karebiyan an kai shi Italiya, duk inda aka kai shi kuwa 'yan kallo suna gane Pooh-Bah tun kafin ya gama lissafa muƙamansa.